Sarƙar Katafila Da Abin Da Ke Ɗaure Ta

Duk wanda ya fita bayan birnin Katsina a tsakiyar rani, ko ta Ƙofar Guga ko ta Ƙofar Durɓi, da wuya ya yi nisa bai ci karo da katafila tana aiki ba. Wata tana tone tafki, wata tana yashe magudanar ruwa, wata kuwa tana ɗibar marmara don a zuba a hanya. Wani lokaci kuma abin da zai gani shi ne katafila tsaye cik a tsakiyar fili, sarƙarta ta zame ta kwanta a ƙasa kamar mataccen maciji, direba da yaransa sun yi jugum a inuwa, waɗanda suka ɗauko ta haya kuwa suna ta kallon gabas, suna lissafin kwanakin da suka rage kafin ruwa ya sauka.

Mai karatu zai ce, me ya kawo zancen sarƙar katafila cikin filin manoma? To, dalilin a fili yake. Yau manoma da yawa sukan haɗa kuɗi su ɗauko injin haƙa, wanda kanikawa ke kira eskabeta, don ya tona musu tafkin ban ruwa ko kududdufin kiwon kifi. 'Yan kasuwa su ke sayar da kayan gyaransa. Akawuna su ke rubuta kwanakin hayarsa da kuɗin mansa. Ran da ya tsaya, dukkansu ne ke asara. Cikin abubuwan da ke tsayar da shi kuwa, kaɗan ne suka kai wani ɗan ƙarfe da ke ɓoye a gefensa, wanda aikinsa shi ne ɗaure sarƙa da sassauta ta.

Ƙasar Da Ba Ta Da Ruwa Sai An Tare

Ƙasar Katsina ta arewa ruwanta kaɗan ne. Abin da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, shi ma cikin wata huɗu yake zubowa ya wuce. Saboda haka noman rani a nan ya dogara ga ruwan da aka tare. Madatsar Ajiwa, wadda aka yi cikin shekarun 1970 a ƙasar Ɓatagarawa, ta daɗe tana shayar da birnin. Madatsar Zoɓe kusa da Dutsin-Ma, wadda aka gama a 1983, tsawonta mita 2,750 ne, tsayinta mita 19. Ta Jibiya a kan kogin Gada, wadda aka gama a 1989, tsawonta mita 3,660 ne, tana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 142. Waɗannan biyun na baya duk da ƙasa aka yi su, watau ƙasa aka tono, aka kwaso, aka jibge, aka daddanne. Ba kwando da magirbi suka yi wannan aiki ba, injuna masu sarƙa ne suka yi gaba a cikinsa.

Kuma aikin ba ya ƙarewa ran da aka buɗe madatsa. Kowace damina ruwa yana kawo yashi da laka ya zuba, magudanai su toshe, tafki ya cike. In ba a yashe ba, ruwan da ya kamata ya kai manomi watan Maris sai ya ƙafe tun Janairu, albasa da tumatir su bushe a tsaye. Haka abin yake ga masu lambu a bakin Ginzo, wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Sauri, waɗanda hanyar ruwa ita ce jarinsu. Lokacin yasa kuwa gajere ne: daga sa'ad da ƙasa ta tsane har zuwa faɗuwar ruwan fari. Wanda ya ɓata mako biyu cikin wannan tsakani yana iya ɓata shekara.

Asalin Sunan

Sunan katafila daga Amurka ya taso. A 1904 wani mutum mai suna Benjamin Holt, a jihar Kalifoniya, ya ga manyan injunan noma suna nutsewa a ƙasa mai laushi, sai ya cire musu ƙafafu ya sa musu sarƙa mai faɗi don nauyin ya bazu. A 1925 kamfaninsa ya haɗu da na C. L. Best, aka kafa kamfanin Caterpillar. Daga nan Bahaushe ya sami kalmarsa, har ya zamana duk injin da ke tafiya a kan sarƙa katafila ake ce masa, ko da Komatsu ne ko Hitachi na ƙasar Japan.

Tun zamanin Turawa aka san cewa sayen irin wannan inji ya fi riƙonsa sauƙi. A 1947 gwamnatin Ingila ta soma wani gagarumin shirin noman gyaɗa a Tanganyika, ta kwaso tsofaffin katafilolin soja da suka rage daga Yaƙin Duniya na Biyu don share daji. Ƙasar ta yi tauri, tana cin ƙarfe, kayan gyara da kanikawa suka yi ƙaranci, injuna da yawa suka tsaya tun shekarar fari. A 1951 aka watsar da shirin. Dalilan faɗuwarsa suna da yawa, amma darasi ɗaya ya fito fili, watau inji yana ga mai kula da shi.

Yadda Abin Yake Aiki

Kowane gefen katafila yana da sarƙa ɗaya, wadda aka haɗa gaɓa gaɓa, kowace gaɓa da farantin ƙarfe da ke taka ƙasa. A baya akwai wili mai haƙora, shi ne ke jan sarƙar. A ƙasa akwai roloji da nauyin injin ke zaune a kansu, a sama kuma akwai rola ɗaya ko biyu masu tallafe sarƙar. A gaba akwai wani babban wili marar haƙora. Shi wannan ba a kafe yake ba, yana iya matsawa gaba ko baya cikin wata kwarya da aka yi masa. In ya matsa gaba sarƙa ta ɗaure, in ya ja baya ta saki.

Abin da ke tura shi abu biyu ne a jere. Na fari silinda ce da fistin a cikinta, wadda ake cika ta da giris. Giris ba ya matsuwa, saboda haka in aka ɗura shi da famfon hannu sai ya tura fistin, fistin ya tura wilin gaba. Robobin toshiya, waɗanda kanikawa ke kira sil, su ke hana giris ɗin fita, su kuma hana ƙura shiga. Na biyu wani ƙaton sifirin ne da aka matse tun daga masana'anta. Aikinsa shi ne, in dutse ya shiga tsakanin sarƙa da wili, ko injin ya yi karo da kututture, sai sifirin ya ba da kai kaɗan, sa'an nan ya komo. Ba domin shi ba, da kowane karo zai ƙare a kan haƙoran wilin baya da injin tafiya.

Mai keke ya san wannan magana. In cen ya yi sako-sako yakan faɗi a kan hanya, in kuma aka ja ƙafar baya har ya yi tauri sai tuƙi ya yi nauyi, haƙora su cinye. Bambancin kurum shi ne, cen ɗin keke da hannu ake mayar da shi, sarƙar injin tan 20 kuwa gefe ɗaya ya wuce tan guda.

Tauri Da Sakaci

Direbobi da yawa sun fi tsoron sakin sarƙa, domin faɗuwarta abin kunya ne da kowa ke gani. Saboda haka sai su yi ta ɗura giris har ta miƙe kamar tsirkiyar baka. Wannan kuskure ne, kuma ɓarnarsa ta fi ta sakin yawa, sai dai a ɓoye take. Sarƙar da ta yi tauri tana goge ƙusoshinta da kwalayensu a kowane juyi, tana cin haƙoran wilin baya, tana matse wilin gaba har ya soma zubar da mai, injin kuma yana shan man gas fiye da kima don ya ja kansa. Masu ƙera waɗannan injuna sukan ce kusan rabin kuɗin gyaran katafila a tsawon rayuwarta ƙafafun nan ne ke cinyewa. Wanda ya cika ɗaurewa ya ƙara wa rabin nan nauyi ke nan da hannunsa.

Sakin ma yana da nasa sharri. Sarƙa mai sako-sako tana dukan rolojin sama, tana tsallake haƙora, in kuma aka yi kwana a kan gangare ko a cikin taɓo sai ta sulluɓe daga wili. Mayar da ita yakan ci yini guda. In ta faɗi a cikin ramin da ake tonawa, ko a gefen tafki mai ruwa, aikin yakan fi haka, wani lokaci sai an kira wani injin ya taimaka.

Ƙasar Katsina tana ƙara wa abin wuya ta hanya biyu. A jigawa rairayi ne, rairayi kuwa in ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe aikin dutsen wasa yake yi, balle in ya jiƙe. Don irin wannan sakin ƙasa ne ma aka shimfiɗa wa madatsar Jibiya leda mai hana yoyo. A fadama kuma laka ce mai danƙo. Takan cushe tsakanin haƙora da cikin gaɓoɓi, ta bushe ta yi tauri, sai sarƙar da aka daidaita da safe a kan busasshiyar ƙasa ta zama ta ɗaure tamau kafin azahar. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a auna sarƙa a inda ake aikin, bayan injin ya ɗan taɓa aiki, kuma a sake aunawa duk sa'ad da aka sauya ƙasa.

Yadda Ake Aunawa

Awon bai fi minti goma ba, kayansa kuwa miƙaƙƙen katako ne da rula. Hanya biyu ake bi, kowane kamfani da tasa.

Ta fari, a sami wuri mai tauri wanda ya daidaita, a tuƙa injin gaba kaɗan, a tsaya ba tare da an ja baya ba, don sakin ya taru a sama. A ajiye bokiti a ƙasa, a kashe inji. Sai a ɗora katakon a kan sarƙa, daga wilin gaba zuwa rolar sama, a auna inda sarƙar ta fi lotsawa ƙarƙashin katakon. A Caterpillar 320 ana son milimita 40 zuwa 55, watau wajen faɗin yatsa biyu zuwa uku. A Komatsu PC200 kuwa milimita 10 zuwa 30 ne.

Ta biyu, a juya kan injin ya fuskanci gefe, a dogara bokiti a ƙasa a ɗaga sarƙar gefe ɗaya sama, a juya ta don laka ta kakkaɓe, a sa gungume a tokare, sa'an nan a auna daga ƙarƙashin gangar jikin ƙafar zuwa bayan farantin da ya fi rataya a tsakiya. A Hitachi ZX200 ana son milimita 300 zuwa 335.

Mai karatu ya ga yadda alƙaluman suka sha bamban, alhali injunan uku kusan girmansu ɗaya. Saboda haka kada a ɗauki awon wani inji a ɗora wa wani. Kowanne yana da littafinsa, littafin shi ne alƙali. Mai injin da littafinsa ya ɓace ya nemi wani, ya sa a rubuta masa alƙaluman da fenti a cikin ɗakin direba. Kuma ko da wasa kada mutum ya shiga ƙarƙashin sarƙar da bokiti kaɗai ke riƙe da ita.

Ɗaurewa Da Sassautawa

A gefen gangar ƙafar akwai wata 'yar taga, wani lokaci da murfi. A cikinta akwai bawul mai ɗan nono a kansa. In za a ɗaure, a goge nonon da tsumma tukuna don kada a tura yashi ciki, a kafa famfon giris, a ɗura kaɗan, a tuƙa injin gaba da baya, a sake aunawa. Gara a yi haka sau uku da a zarce sau ɗaya.

Sassautawa ita ce mai hatsari, a nan ne ya kamata kowa ya buɗe kunne. Giris ɗin da ke cikin silindar nan a matse yake ƙwarai. Ana kwance bawul ɗin a hankali da doguwar sifana, kuma kada a wuce zagaye ɗaya. Giris zai fito ta wata 'yar kafa da aka yi masa. In aka ci gaba da kwancewa, bawul yana iya fizgewa ya fito kamar harsashi, yana kuwa iya kashe mutum. Saboda haka mai kwancewa ya tsaya a gefe, kada ya sa fuskarsa daidai tagar, kada ya leƙa don ya ga ko giris na fitowa. Sarƙar zai duba, ita za ta nuna masa. Nonon kansa kuwa ba a taɓa shi. In an kwance zagaye ɗaya giris bai fito ba, a motsa injin gaba da baya kaɗan. In har yanzu bai fito ba, to kafar ta toshe, a ɗaure bawul a kira bakanike wanda ya san aikin.

In tsautsayi ya sa giris ya huda fatar mutum, a kai shi asibiti nan take, ko da ramin bai fi na allura ba. Irin wannan rauni a waje ƙarami ne, a ciki yake ruɓar da nama, jinkirin yini guda yana iya jawo yanke yatsa ko hannu. A gaya wa likita ainihin abin da ya shiga.

In Abin Ya Lalace

Alamun lalacewa huɗu ne, kowace da inda ta nufa.

In aka ɗaure yau, gobe ko jibi ta sake saki, giris ne ke zurarewa. A duba bawul tukuna, domin shi ne mai araha: wataƙila bai zauna daidai ba, ko bakinsa ya ci. In bawul lafiya yake, kuma ana ganin giris yana tsattsafowa bayan wilin gaba, to robobin sun mutu.

In ana ɗura giris famfo ya yi tauri amma wili bai motsa ba, fistin ya ci tsatsa ya kafe, ko kuma laka ta bushe a kwaryar da wilin ke zamiya. Wannan yakan sami injin da aka ajiye tun kaka ba a wanke ba.

In wili ya matsa har ya kai ƙarshen kwaryarsa amma sarƙa ba ta ɗaure ba, laifin ba na silinda ba ne, sarƙar ce ta tsufa ta ƙara tsawo. A injin tan 20, tsakanin ƙusa da ƙusa milimita 190 ne a sabuwar sarƙa, watau gaɓa huɗu wajen milimita 760. In aka auna aka ga ta wuce iyakar da littafi ya yanka, lokacin canji ya yi. Wasu sukan cire gaɓa ɗaya su ci gaba. Wannan yana iya fitar da mutum daga daji ya kai shi gari, amma ba magani ba ne, domin gaɓoɓin da suka buɗe ba su dace da haƙora ba, sai su cinye wilin baya shi ma.

In kuwa sarƙa ta saki farat ɗaya bayan wani karo, ko wilin gaba ya karkace, a yi zaton sifirin ko sandarsa ya karye.

Canjin robobi aiki ne da bakanike mai hankali zai iya yi a fili cikin yini guda. Ana sakin giris duka, a kawo ƙusar mahaɗa wajen wilin gaba, a fitar da ita, a shimfiɗa sarƙa a ƙasa. Sa'an nan a zaro wilin tare da sifirin ɗinsa da abin ɗaga kaya, domin nauyinsu ya wuce buhu biyu na masara. A zare fistin, a wanke shi da silindar, a shafa hannu a ji. In tsatsa ce sama sama, a goge da takarda mai laushi. In ya yi ramuka ko zane mai zurfi, a sake shi, domin sabuwar roba a kan fistin mai kaushi ba ta yin mako. A sa robobin duka sababbi, har da mai tare ƙura, kowace ta fuskanci inda tsohuwar ta fuskanta. A yi aikin a kan tabarma ko buhu, a inda iska ba ta kwaso rairayi.

Amma fa akwai noti ɗaya da ba a taɓawa, shi ne wanda ke riƙe da sifirin. A injin tan 20 ƙarfin da ke matse cikin sifirin nan ya wuce tan 10. Ba a kwance shi da sifana, ba a yanka shi da wutar walda, ba a dukansa da guduma. Sai a wurin da ke da babban injin matsa ƙarfe da mutanen da suka saba. Wanda ba shi da wannan ya sayi sifirin a haɗe. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne, a nan kuwa yana iya zama likkafani.

Halin Direba

Rabin lafiyar sarƙa a hannun direba take. Direban kirki yakan kankare laka daga ƙafafu kowace yamma tun tana ɗanya, kafin ta kwana ta zama dutse. Yakan yi tafiya da wili marar haƙora a gaba, don in an yi karo sifirin ya karɓa. Ba ya yawan tafiya da baya, domin baya ta fi cin sarƙa. Ba ya juya injin a wuri ɗaya kamar dutsen niƙa in akwai filin yin kwana mai faɗi, kuma ba ya yin kwana ta hannu ɗaya kullum. In wurin aiki da nisa, yakan nemi tirela ta ɗauki injin, domin an yi eskabeta don tono ne, tafiyar mil da yawa tana zafafa roloji ta cinye su. In kuma za a ajiye injin watanni, yakan wanke shi, ya tsayar da shi a busasshen wuri, ya riƙa motsa shi lokaci lokaci.

Ga Masu Haya, Da 'Yan Kasuwa, Da Akawuna

A ce manoman wani ƙauye sun haɗa kuɗin hayar kwana 10 a ƙarshen Afrilu don su yashe tafkinsu. Kwana na uku sarƙa ta faɗi, aka mayar. Kwana na biyar ta sake faɗuwa, sa'an nan aka gane robobi ne, aka aika Kano neman kaya. Kwana uku sun tafi a banza. In ba a yi magana tun fari ba, mai inji zai ce kwanakinsa sun cika, manoma su ce aikinsu bai cika ba, a ƙare a gaban mai gari, hadari kuwa yana haɗuwa a gabas.

Maganin wannan tun ran ciniki ne. Kafin a sauke injin daga tirela, wakilin manoma ya zagaya shi. Ya duba ko sarƙa ta yi ciki, ko akwai jiƙar giris bayan wilin gaba, ko wilin ya kai bakin kwaryarsa, ko haƙoran baya sun yi tsini kamar na zarto. Ya tambaya ko direba yana da famfon giris da sifanar bawul. Sa'an nan a rubuta a takarda, gaban shaidu, cewa da awoyin aiki za a biya, ranar da inji ya tsaya don lalacewa ba ta cikin lissafi. Mai injin da ya san kayansa lafiya suke ba zai ƙi wannan ba.

Akawun da ke riƙe da littafin inji ya buɗe shafi guda don sarƙa: ranar awo, abin da aka samu a dama da hagu, da ko an ƙara giris. In ya ga gefe ɗaya yana neman giris sau biyu a mako, ya sanar tun kafin a tafi daji. Wannan shafi ɗaya yana iya tsare wa mai gidansa kuɗin da ya fi albashinsa na shekara.

'Yan kasuwa kuma, tun da aka soma aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Katsina da Jibiya har Maraɗi a 2021, ga kuma ayyukan hanyoyi da na madatsai, masu neman kayan katafila ba su yanke ba. Mai son wannan ciniki ya sani robobin nan kowane inji da nasa, da lambar inji ake sayensu, ba da ido ba. Ya ajiye su a inuwa cikin ledarsu, domin zafi da rana suna busar da roba. Mai saye kuma ya tuna araha ba ta ado: kuɗin roba kaɗan ne in an gwada da wahalar raba sarƙa, wanda ya sa ta banza sau biyu zai yi aikin.

Ga masu niyyar tona tafki ko yashe magudana bana, yanzu ne lokacin neman inji da duba ƙafafunsa, tun ƙasa tana bushe, tun kanikawa ba su yi wuyar samu ba. Allah ya kai mu damina lafiya, ya sa a cika rumbuna, amin.